Ulun da Ba a Rina Ba

Shekara arba'in Léontine Delmas tana saƙa barguna a tsaunukan Lozère, ba ta taɓa tsoma ulu a rini ba. Beige suke ce wa launin, wato yadda ulu ya fito daga jikin tunkiya. Da hannuwanta suka soma rawa saboda tsufa, ta bar wa ɗanta Gaspard shagonta, da allon sunanta a saman ƙofa.

Rannan ta wanke bargo ɗaya daga cikin waɗanda Gaspard yake sayarwa, sai ruwan ya koma kamar shayi, bargon ya fito fari fat. Ashe farin zaren kanti yake rinawa ya yi kama da beige.

"Haba Mama, masu saye ba sa ganewa," in ji Gaspard.

"Ni fa? Makauniya ka mai da ni?"

Da rawar hannun nan ta hau tsani ta ciro allon sunanta daga saman ƙofar shagon.