Turaren da Na Bari Saboda Numfashin Mai Ɗakina

Shekarun baya, in kun ji ƙamshi ya shawo kwanar unguwarmu a Wurno, to ni ne tafe. Manomin albasa ne ni, kuma albasa ba ta sakin mutum. Sai nir riƙa sayen turare wurin mai haɗawa ranar kasuwar Goronyo, kwalba ba suna ba rubutu. Ko da akwai rubutun ma, mi zan karanta?

Mai ɗakina kuwa fuka ta matsa mata. Da na shigo ɗaki sai ƙirjinta ya kama kuka kamar usur. Ni da wayona nic ce hayaƙin murhu ne. Ranar da numfashin ya sarƙe, nis sa ta bayan mashin sai asibiti.

Malamar asibitin tana ganina tat toshe hanci.

"Baba, wanka kaka yi da shi?"

"Ɗiyata, ado ne."

"To adonka shi ka shaƙe Inna. Wanga turare akwai sipirit ciki, da sinadaran da aka sawa ƙamshi ya daɗe. Mai lafiya ma shina iya samun ciwon kai, balle mai fuka."

Nid dubi mai ɗakina. "Mi ya hana ki faɗa mini?"

Da ƙyar tac ce, "Malam, kai da ka ce don ni kaka sawa?"

Ran nan nit tattara kwalaben nib bayar. Sai dai na manta da Juma'a. A masallacinmu akwai wani abokina, shi ka bin sahu shina shafa wa kowa turare a hannu, tun muna samari. Da yaz zo kaina, nin naɗe hannuna cikin riga.

"Miƙo mana! Ba a mai da turare, ka sani."

"Na sani. Amma likita ta hana."

"Likita ko uwargida? Jama'a, ku zo ku ga mijin-ta-ce da furfura!"

Anka yi ta dariya. Kuma ko na ƙi shafawa, gaisawa da mutane kaɗai ta isa in kwaso ƙamshi. Ba ni barin Juma'a, ba ni kuma barin ta shaƙe. Sai nik kafa ƙusa a zaure, nan rigar masallaci ka kwana. In na dawo, in tuɓe, in wanke hannu da fuska da gemu da sabulun salo, sannan in yi sallama. Maƙwabta sunka ce na zama baƙo a gidana. Nic ce na ji.

Fukar ba ta rabu da mai ɗakina duka ba, tana da maganinta. Har yau in mai turare ya gitta ni, hancina sai ya bi shi kamar akuya ta ga dusa. Amma yanzu in na shiga ɗaki, tana da numfashin da za ta yi mini faɗa tun daga farko har ƙarshe ba ta tsaya ba. Ni kuwa in zauna in saurara, ina hamdala.