Kyandir Mai Kauri na Inna Stefa

Zoryana, ƙanwar mahaifiyata, ta daɗe tana ɗinka rigunan kujerun mota a wata masana'anta da ke bayan garin Ternopil, har kafaɗarta ta dama ta ɗan karkace. Mijinta ya tafi Poland aikin gini. Tun yana kira kullum har ya koma sai ranar biki, daga baya ya yi tsit. Haya ta gagare ta, ta kwashe kayanta da 'yarta Orysia ta koma ƙauye wurin mahaifiyarta, Inna Stefa. Ba ta da wani wurin zuwa bayan nan, kuma ta sani.

Halka, wadda keken ɗinkinta ke kusa da nata a masana'antar, ita ta ba ta labarin wani asibiti a birnin Lviv da ke karɓar ƙwan haihuwa daga matan da suka taɓa haihuwa lafiya, a dasa wa waɗanda Allah bai ba su ba, a kuma sallami mai bayarwa da kuɗi. Zoryana ta ce ita ba kaza ba ce. Halka ta ce ai kaza ta fi ta gata, don ita ko ba komai tana samun zama. Suka yi dariya. Amma rufin gidan Inna Stefa yana yoyo, sanyi na tafe, don haka ranar hutunta ta hau bas ba ta gaya wa kowa ba.

Aka ɗibi jini, aka auna abin da za a auna, aka ce ta dace. Saura ta kawo hotonta na yarinta, ba na yanzu ba, don kada masu karɓa su gane ta in sun haɗu a hanya. Hoton kuwa ɗaya ne tak a duniya: tana 'yar shekara biyar, da ƙaton ribon a ka, yana rataye a bangon ɗakin Inna Stefa kusa da hotunan waliyyai. Zoryana ta cire shi lokacin da tsohuwar ke lambu tana tonon dankali. Ba ta yi tunanin tabon da zai bari a bangon ba.

Inna Stefa na shigowa idonta ya sauka a wurin. Zoryana ta gaji da yawa, ba ta da ƙarfin ƙirƙirar ƙarya, sai ta faɗi gaskiya a tsaye, da jaka a kafaɗa. Tsohuwar ta wanke hannu, ta goge da gefen siket, ta ce, "Ashe yanzu har jikokina ake rabawa a birni." Daga nan ba ta ƙara yi mata magana ba.

Kwanakin allurar ƙara yawan ƙwai suka biyo baya. Zoryana na soka wa kanta a ciki kafin ta fita aiki, cikin ya kumbura ya yi nauyi, in ta taka keken ɗinki sai ta ji kamar an cika ta da duwatsu. In ta dawo takan tarar da miyar borsh a rufe kan murhu, amma mai miyar ba ta kallonta. Kullum tana jiran ranar da za a ce ta tattara nata ta bar gidan. Har ta tambayi Halka ko akwai lungu a ɗakinta.

Aka cire ƙwan, aka mayar mata da hoton, ta dawo gida tana tafiya a sunkuye. Ran Lahadi Inna Stefa na ɗaura kallabin zuwa coci, ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Yara nawa za a samu?"

"Ban sani ba, Mama. Ba sa gaya mana."

"Maza ko mata? A wace ƙasa?"

"Wataƙila ma babu ko ɗaya."

Tsohuwar ta yi tsaki. Al'adarta ce duk Lahadi ta kunna siririn kyandir ɗaya ga kowane jika, mu huɗu, tana kiran sunanmu. Ta ce tun da take ba ta taɓa tsallake jininta ba, yanzu an bar ta da lissafin da ba shi da kai. Sannan ta ce wa Zoryana ta tashi ta sa takalmi, ba za ta kwanta kamar buhun gari ba.

A ƙofar coci ta sayi sirara huɗu, ta nuna mai kaurin nan da ake saye sai babban biki. Slavka mai sayar da kyandir, wadda ba a raba ta da bin diddigi, ta tambaya na wane ne wannan.

"Na jikokina ne da ba a gaya mini sunansu ba. Ba ni canjina."

Zoryana ba ta iya tsayuwar da ake yi lokacin ibada ba, ta zauna a bencin tsofaffi na jikin bango, tana dafe da ciki, tana kallon mahaifiyarta na fama da kyandirin da ya ƙi shiga mazauninsa. Da suka dawo gida tsohuwar ta miƙa hannu, aka ba ta hoton, ta mayar da shi kan ƙusarsa. Washegari Zoryana ta koma kan kekenta.

An gyara rufin. Har yau Inna Stefa na sayen mai kaurin duk Lahadi, tana mitar tsadarsa tun daga coci har gida.