Shagon Baba a Kan Bolar Kakuri

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka raba filayen shaguna a kan tsohuwar bolar da ke bayan layinmu a Kakuri. Motoci suka juye jar ƙasa, katafila ta bi ta kai sau biyu, shi ke nan wai an gyara. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A lokacin masaƙa ta sallami Baba bayan shekara ashirin da ɗoriya. Abin da aka ba shi na sallama ya zuba a fili guda, zai buɗe shagon atamfa. Bayan wannan ba shi da komai.

Maginin da ya ɗauko, wani dattijo ɗan Filato, ya haƙa har ƙugu bai tarar da komai ba sai leda da baƙin tsumma mai wari. Ya fito daga ramin ya ce, "Malam, babu ƙasa a nan. Sai an kwashe sharar nan kakaf, a cike a daddaɓe, sannan a ɗora bulo."

Baba ya ce, "Injiniya, zuba kankarenka kawai."

Na ce, "Haba Baba! Mutumin nan fa ya san aikinsa!" Ya tambaye ni yaushe na zama magini. Na juya na tafi gida ina cika ina batsewa.

Damina ta biyu bango ya tsage. Baba ya samo ragowar fastocin 'yan takara ya manna a kan tsagar don kada masu saye su gani. Tsaga ta ƙaru, ya ƙara fasta. Maƙwabta suna tsokanarsa wai ya shiga kowace jam'iyya. Yana dariya, amma wallahi tausayinsa nake ji kamar in yi kuka.

Wata Laraba da hantsi, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, bangon baya ya nutse, rufi ya biyo shi. Allah ya tsare babu kowa a ciki. Atamfofi dai sun tafi cikin baƙin ruwa.

Na sami Baba tsugune a bakin ramin da bangon ya nutse, riƙe da wani ruɓaɓɓen ƙyalle mai zanen ganye. Da faɗa na zo, har na shirya abin da zan ce.

Bai ɗago ba ya ce, "Kin ga wannan? Namu ne na masaƙa. Farkon ɗaukata aiki, ni nake turo ragowar yadi a baro in zubar a nan. Shekara huɗu."

Na ce, "Ashe ka san zurfinta, Baba?"

Ya ce, "Na sani mana, 'yar nan. Da na bari an ci gaba da haƙa, abin hannuna zai ƙare ba a kai ƙasa ba."

Ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu. Bai sake buɗe wani shago ba har ya rasu.