Keken Kwance na Sulemanu Tsiga

Sulemanu mai gyaran keke ne a Tsiga, a gindin wata tsamiya kusa da kasuwa. Da damina ya yi noman auduga, ran Lahadi shi ke kaɗa ƙararrawar coci. A kakar 1964 dilar auduga ta suɓuce daga kan mota ta danne masa baya. Ya tashi bayan wata huɗu, amma bai sake iya zama a sirdin keke ba. Da ya sunkuya kan keke sai zafi ya soke shi har tafin ƙafa.

Bai haƙura ba. Ya lura in ya jingina da bango ya miƙe ƙafafu, ciwon yakan lafa. Sai ya samo matattun kekuna biyu da guntun bututun ruwa, ya yanyanka da zarto, ya jera a ƙasa: feda can gaba, kujerar katako mai majingina a tsakiya, sarƙa biyu a haɗe sun zama ɗaya. Gwaggo Hajo, maƙwabciyarsu, ta leƙo ta daɗe tana kallo.

"Sule, wannan abu ai makara ce," in ji ta. "Wa ke tafiya a kwance in ba gawa ba?"

Matarsa Roda ba ta yi dariya ba. Ta roƙe shi ya fitar da ƙarafan daga tsakar gida.

Mai walda ɗaya kaɗai Sulemanu ya amince da shi, wani Ibo mai suna Anayo da ke da shago kusa da tashar jirgin ƙasa a Funtuwa. Shekararsa ashirin a garin, Hausa a bakinsa kamar ɗan gida. Sulemanu ya kai masa ƙarafan a ƙarshen daminar 1966. Tun rikicin watan Mayu, da aka far wa Ibo, garin bai koma daidai ba. Shaguna da dama a layin suna rufe, wasu samari na zaune a tsallaken titi ba sa hira, ido kawai.

Anayo ya yi aikin yana waiwayen ƙofa. Ya haɗa gaɓa biyu, ya goge su tas. Saura ta uku, wadda ke ƙarƙashin kujera, inda duk nauyin mutum zai sauka, iskar walda ta ƙare.

"Malam Sule, ka dawo ran Litinin."

"Ina iyali? Ban ji motsin yara ba."

"Na sa su a jirgi shekaranjiya." Ya goge hannu da tsumma. "Ni ma ana ta ce mini in tafi. In tafi ina? Nan na sani."

Kafin Litinin labari ya iso Tsiga cewa an yi kashe-kashe a Funtuwa. Roda ta tsaya a bakin zaure ta ce ba inda za shi. Sai da aka yi kwana tara Sulemanu ya samu motar Funtuwa.

Ƙofar shagon a karye take. An kwashe komai, har tukwanen iska da benci. Firam ɗin kekensa kawai aka bari a jingine, da alama ba wanda ya gane ko mene ne. Ya tambayi mai shayin da ke gefe ina Anayo. Mutumin ya ci gaba da ɗauraye kofi, ya ce shi bai san wani mai wannan suna ba. A tasha wani ɗan dako ya ce wasu sun shiga jirgi, wasu ba su kai ba.

Sulemanu ya ɗauko firam ɗin ya koma Tsiga. Ɗanasabe maƙeri ne ya ɗaure gaɓa ta ukun da faifan ƙarfe da ƙusoshi masu zafi. Ya ce, "Zai ɗauke ka, amma ban ce har yaushe ba."

Shekara uku Sulemanu yana hawan keken, daga Tsiga zuwa Bakori, wani lokaci har Malumfashi. Ɗaurin yana ƙara a kowane rami. Aka ce masa wani ya buɗe walda a tsohon shagon Anayo, ya ƙi zuwa.

A 1969 ɗaurin ya tsinke a wata gangara, yana dawowa da buhun iri. Masu shanu suka tsince shi da rai, suka kawo shi gida. Bai ƙara taka ƙasa ba. Ya ci gaba da liƙin taya daga kan tabarma, kuma duk direban da ya tsaya a Tsiga sai ya tambaye shi ko motarsa tana zuwa Gabas, ƙasar su Anayo.