Daga Kwaciri Zuwa Sabon Gari da Ƙyallen Leshi a Aljihu

In kun ga dama ku yarda, in ba ku ga dama ba ku bar shi. Ni Sabi'u mai hoto na yi tafiyar da ta cinye min yini guda, an tsare ni a shinge, na ci abincin hanya, na dawo ƙafa a kumbure, kuma duk ban fita daga ƙaramar hukumar Fagge ba.

Kwamfuta ce ta kore ni daga gida. Tsohuwar laftof ɗina ta tsufa har in ka buɗe mata hoto sai ka je ka yi wanka ka dawo ka tarar tana tunani. Wannan ma da sauƙi. Sikirin ɗinta ne ya koma nuna komai shuɗi-shuɗi. Ina gyara hotunan bikin ɗan Alhaja Mulika, wata dattijuwar Bayarabiya haifaffiyar Fagge mai sayar da leshi, sai na yi ta ƙara ja don kala ta zauna a idona. Da aka wanko, ankon da mata suka yi kalar albasa ya fito jazur kamar manja. Alhaja ta dawo min da albom, ta ce in gyara kafin Asabar, in ba haka ba auren autarta da ke tafe wani za ta kira. Ita da ƙawayenta kuwa su ne rabin cinikina.

Kwaciri

Ana idar da sallar asuba na rataya jaka. A ciki akwai fulash ɗauke da hotunan bikin, har da wani na taron mata wanda nauyinsa ya kai buhun masara. Matata ta leƙo daga kicin.

"Ina zuwa da wannan jakar, Legas?"

"Sabon Gari."

"To Allah ya sauke ka lafiya. In ka ga network ka kira mu."

Ɗan sahun da na tare bai gama farkawa ba, amma yana tuƙi kamar an biyo shi. A mahaɗar farko masu kula da hanya suka ɗaga mana hannu. Suka duba takardunsa, ɗaya ya duba jakata ya ce mene ne a ciki. Na ce masa mata ne, sun fi arba'in, duk da gwaggwaro. Ya ce mu wuce.

Fagge

Zangon farko gidan Alhaja. Na same ta a tsakar gida da carbi, na durƙusa na gaishe ta. Na ce ta taimake ni da ɗan ƙyallen ankon nan. Dabarata ke nan: duk kwamfutar da zan gwada, in buɗe hoton in kara ƙyallen a jikin sikirin. Wadda ta nuna abin da ke hannuna, ita ce tawa.

Ta yanko min da almakashi, ta haɗa da alale mai zafi a leda.

"Sabi'u, ka san nawa-nawa matan nan suka kashe a kan kalar nan? Ƙawata Iya Basira har yau ba ta gaishe ni da kyau."

"Mama, za a gyara."

"Gyara ko a gyara ka."

Bata

Daga nan na sake hawa sahu zuwa Bata. Gosulon da muka shiga, na cinye alalen, na narkar da shi, na sake jin yunwa ba mu motsa ba. Sai na sauka na taka.

Shagon farko na wani matashi ne mai agogo biyu, ɗaya a kowane hannu. Ya ciro wata baƙar laftof mai jan wuta a madannai, ya ce ram ɗinta, wato ƙarfin ƙwaƙwalwarta, sha shida ne, 'yan wasan gem ke rububinta.

"Oga, wannan kafin ka danna ta riga ta buɗe."

Gaskiya ya faɗa. Na sa fulash, hoton taron nan ya bayyana kamar dama yana laɓe. Amma fankarta ta tashi da wata ƙara, mai shayi na waje ya leƙo ya ga ko inji aka tayar. Na fiddo ƙyalle na kara. A hannuna albasa, a sikirin ruwan toka, kamar an wanke leshin sau ɗari.

"Oga, ai kala a ido take. Ido ne ya bambanta."

"Idon Alhaja ɗaya ne, kuma shi nake tsoro."

Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Laftof ɗin ta mutu tare da fankar shagon, ko sallama babu. Ya ce batirin na hanya. Na ce ni ma ina hanya.

Sabon Gari

Na shiga Sabon Gari rana ta take. Na fara da cikina: sakwara da miyar agushi a wata rumfa, nama guda biyu, ɗaya na cinye, ɗaya ya kusa cinye min haƙori. Na yi azahar, sannan na shiga layin masu kwamfuta.

Shago uku na leƙa, kowa na rantsuwa tasa 'yar Beljiyam ce da wata tsohuwar Baturiya ta yi amfani da ita sau ɗaya. Tsohuwar nan ban san kwamfuta nawa gare ta ba. Da na fiddo ƙyalle wani ya ce teloli suna layin baya.

A na huɗu na tarar da Malam Yohanna, mutumin Zariya, tsohon malamin makaranta da ya koma saye da sayarwa. Na ba shi labari, ya yi dariya har ya cire tabarau.

"Mata da anko? Malam Sabi'u, zauna. Ni ma a cocinmu na ga yaƙin nan."

Ya jera min biyu a kan tebur. Ɗaya siririya, fara, kyakkyawa, irin wadda in ka shiga wurin biki da ita sai a ba ka kujera. Ɗaya kuma ƙatuwa, gefenta a fashe an ɗaure da salatif, nauyinta kamar murfin rijiya. Ya ce mu sa su tsere.

Muka zuba hotunan a duk biyun. Ya ce in riƙe ɗaya ya riƙe ɗaya, mu danna tare. Buɗe hoto ɗaya, siririyar ce ta riga. Na fara yi mata murmushi. Sai ya ce mu ba su aikin gaske, a ɗauko hotunan bikin gaba ɗaya a gyara haskensu lokaci guda. Nan kyakkyawar ta tsaya cak, kibiya na ta juyi, ƙasanta ya ɗau zafin da za a soya ƙwai. Mummunar kuwa tana tafe a hankali kamar tirela, ba gudu, ba tsayawa, har ta kai.

Saura kala. Malam Yohanna ya ce kar in gwada a ƙarƙashin ƙwan shago, mu fita bakin ƙofa. Muka fito da su rana, muka cire caja don batir ma ya faɗi gaskiyarsa. Na kara ƙyalle a siririyar, ta ƙara masa ƙyalli kamar an shafa mai. Na kara a mai salatif. Na rasa inda ƙyallen ya ƙare inda sikirin ya fara.

Duk da haka ban yarda ba, an riga an ƙona ni. Na gyara hoto ɗaya a kanta, na kai wurin wankin hoto a layin gaba, na tsaya a kansu har ya fito. Albasa ce, ta gaske, har na ji ido na yaji. Na koma muka yi ciniki, ya rage min, ya ƙara min jaka. Ɗan sahun da ya ɗauko ni ya ɗaga jakar ya ce kuɗin mutum biyu zan biya.

Gida

Na iso Kwaciri kafin magariba, lafiya lau, alhamdu lillahi. Godiya ga Malam Yohanna, da mai sakwara, da duk wanda ya matsa min hanya a Bata. Kwana biyu na gama aikin da tsohuwar laftof ɗina za ta yi wata tana yi. Da na ga inji na da ƙarfi kuma, hannu ya yi ta ƙaiƙayi. Hoton Alhaja na bangon albom na zauna masa: na share layukan goshi, na goge na gefen ido, na ɗan ɗaga kumatu. Na ce wannan kyauta ce daga kamfani.

Ranar Juma'a da la'asar na kai mata. Ta buɗe daga tsakiya, ta ɗauko gwaggwaronta ta kara a shafi, ta gyaɗa kai. Ta ce auren auta nawa ne, in zo da wuri. Ina cikin zuba godiya ta rufe albom, idonta ya sauka a bango. Ta matso da shi, ta nesanta, ta sa tabarau.

"Leshin nawa ne, na gane shi. Wannan yarinyar da ke ciki fa, 'yar wace ce? Maza ka mayar min da fuskata, Sabi'u. Ba kai ka sha wahalar da ta zana ta ba."