Dorcas Mai Ba Cuta Lamba

A ɗakin ajiye katin marasa lafiya, ƙarƙashin hoton shugaban soja, akwai wata mata da na ji ana kira Dorcas. Gajeriya ce, da fensir soke a kitsonta. Aikinta shi ne ba kowace cuta lambarta daga wani ƙaton littafi, tana lasar yatsa tana buɗe shi kamar mai neman waƙa a coci. Ina jin can ta koyo wannan natsuwa.

Wani tsoho manomi daga Wamakko yana gabanta yana haki. Ta duba katinsa, ta tsuke baki. Sai ta goge lambar tibi, wato tarin fuka, da wani ya sa bara, ta rubuta biyu: ta daɗaɗɗen ciwon huhu, da ta asma da ta hau kai.

"Ɗiyata, mi kig gani?" in ji tsohon.

"Baba, likita bai taɓa rubuta tibi ba, lamba aka kuskure. Tarinka ba ya kama kowa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Shekara guda an ware mani akushi. Yau da jikokina za ni ci tuwo."

Ita kuwa har ta jawo kati na gaba, tana rera wata 'yar waƙa.