Tabarau a Jirgin Mutanen Da

Duk shekara, idan an kai amfanin gona gida, akan yi wasan jirage a bakin ruwan garinmu, ba nisa da Yelwa. Akwai tsere, akwai iyo, akwai masu nutso. Mu namu daban ne. Jirgi guda muke fitarwa, ana ce masa jirgin mutanen da. Mukan yi shiga irin ta kakannin kakanninmu mazauna tsibirai, lokacin da suke tsare kogi da mashi da zago na farautar dorina, tun kafin Bature, tun kafin a yi dam ruwa ya cinye garuruwanmu. Mukan taho mu wuce gaban jama'a ana buga ganga, mu yi kamar mun hango abokan gaba, a ɗaga makamai, a yi kuwwa. Iyakar abin ke nan. Amma a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne.

Wata shekara wani baƙo ya ɗauki hotonmu, hoton ya yi ta yawo a wayoyin mutane. Ga mayaƙi ya ɗaga zago, ga agogo yana ƙyalli a hannunsa, ga rigar ƙwallo ta leƙo ta ƙarƙashin saƙi. Har daga Birnin Kebbi aka yi ta bugo waya ana yi mana dariya. Dattawa suka zauna suka ce dole a sami mai duba kaya kafin kowa ya sa ƙafa a jirgi. Aka ce ni, tunda a tsibiri aka haife ni, kuma na yi wayo na ga kayan kakana rataye a ɗakinsa kafin a tashe mu.

Na karɓi aikin hannu bibbiyu. Nakan juya riga in duba ɗinki, don ɗinkin keke ba ya ɓuya, layinsa a miƙe yake kamar hanyar mota. Nakan jiƙa yatsa da yawu in goga a jikin saƙi. Idan rinin baba ne zai bar shuɗi a yatsa, kuma yana da warinsa. Igiyar da aka ɗaure zago da ita nakan ƙyasta mata ashana a baki: ta rama takan zama toka, ta roba takan narke ta dunƙule. Filafilin tuƙin da aka shafa wa fenti sai an kankare shi. Silifa, agogo, zoben kanti, wando mai roba a ƙugu, duk a bar su a tudu. Jirgin ma na ce sai na sassaƙe, itace guda, babu ƙusa ko ɗaya. Samari suka riƙa ce mini kwastan a bayan idona. Na ji, kuma ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi.

Ni dai ban ga yaƙi ba. Kakana ma bai gani ba, labari ya ji. Abin da na sani shi ne abin da idon yaro ya gani a bangon ɗaki mai duhu, da abin da inna take faɗa idan tana kaɗi. Amma waɗanda za su ce mini ba haka ba ne duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura mutum ɗaya, taubashina.

Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando nake ce masa bawana, shi kuma yana cewa bai taɓa ganin ubangida mai yunwa irina ba. Jirgi ɗaya ya kwaso mu daga tsibiri. Tare muka koyi jefa birgi, ragar kamun kifi, tare muka yi su har ƙarfi ya ƙare. Bayan matata ta rasu, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa, shi ne yake tura ƙyauren gidana kullum da hantsi, ko sallamar kirki babu.

“Kai, wanga tsoho, ba ka mutu ba?”

“Ina jiran in binne bawana tukuna. Wa zai ɗauki takalmina a can?”

Sai ya zauna ya janyo kwanon kokona ya shanye, ya ce ba sukari. Mu yi ta yi har azahar. Mutumin da yake zaune shi kaɗai a gida mai ɗaki huɗu ya san darajar wanda zai zo ya zage shi.

Shi ne matuƙin jirgin mutanen da tun farkon fara wasan. Yakan zauna can baya da filafilinsa, samari suna tuƙi a gaba, shi yana juya kan jirgi. Akwai wurin da ruwa yake murɗawa daidai gaban rumfar manyan baƙi, kuma a nan ake so jirgi ya juya da sauri kamar ya hango maƙiyi. Babu mai iya wannan juyin kamarsa. Sai yanar ido ta rufe masa gani. Aka kai shi asibiti aka yi masa aiki, ya dawo da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, ya ɗaure shi da zare ta ƙeya. Shekara biyu bai shiga jirgi ba.

A ta ukun ya ce mini, “Bana zan tuƙa. Daga ita na bar wa yara. Likita ya ce idon ba ya da sauran nisa.”

Ya yi shiri irin wanda ban taɓa ganin wani ya yi ba. Ya sa aka nemo masa wata tsohuwa ta kaɗa zare da hannu. Ya hau mota har ƙasar Shanga wurin wani masaƙi da ya rage. Ya kai aka rina da baba na gaske. Shi da kansa ya ɗinke rigar da allura, yana kawo ta daf da hanci. Ya jeme fatar akuya ya yi warki. Kullum yakan zo ya shimfiɗa mini wani abu a tabarma.

“Duba nan, kwastan. In ka sami ƙarya a ciki in ba ka 'yata.”

“'Yarka mai jikoki? Riƙe abarka.”

Duk wannan lokaci tabaran yana fuskarsa, ina kallonsa, yana kallona ta ciki. Ban taɓa cewa komai ba. Ban sani ba ko na ɗauka zai cire da kansa ran wasa, ko kuwa ina gudun maganar ne. Na fi zaton gudunta nake yi.

Ranar wasa bakin ruwa ya cika maƙil. Na tsaya a gindin jirgi, ’yan wasa suka yi layi. Na karɓe agogon wani. Na mayar da wani gida saboda ya sa gajeren wando na kanti a ƙarƙashin bante. Akwai wani magidanci da na hana shiga ɗungurungum don rigarsa ɗinkin keke ce, ya yi ta roƙo, ya ce iyalinsa sun zo kallo daga nesa, na ce doka doka ce. Yana nan tsaye a gefe, ransa a ɓace, lokacin da taubashina ya iso ƙarshen layi.

Wallahi da ka gan shi ka ga mutanen da. Saƙin nan ya sha baba har yana ɗaukar ido, ga warki, ga layu a damtse, ga malafa a rataye a baya, ƙafa ba takalmi. Sai tabarau.

Magidancin da na hana ya ce da ƙarfi, “To, mu gani. Ko kakanninmu da gilashi suka yi yaƙi?”

Na juya wurin taubashina. Na ce, a hankali, “Bawa, sai ka cire wannan.”

Ya yi dariya. Ya ɗauka wasanmu ne na kullum, kuma me zai hana ya ɗauka haka? Ya juya ga samari, ya nuna bakina.

“Ku ji mini ɓarawo yana kama ɓarawo! Kai, buɗe baki su gani. Haƙorin Makka ne fa wancan. Kakanka da haƙorin gwal ya kashe dorina? Ku kawo mini filaya in fara cire nashi, sannan in cire nawa!”

Bakin ruwa ya kece da dariya. Samarin da na karɓe wa agogo har da riƙe ciki. Wani ya ce, “Yau kwastan ya shiga hannu!” Da a gidana ne ya faɗi haka, da na rama da wadda ta fi ta zafi, mu tafa. A al'adarmu taubashi ba ya fushi da taubashi, ko a gaban wa, kuma maganarsa ba a amsa ta sai da irinta. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Amma na ji kunya ta rufe ni, na ga idon magidancin nan a kaina, na ji aikin da nake taƙama da shi yana zamewa. Na ɗaure fuska.

Na ce, “Malam, ba wasa nake yi ba. A cire, ko a ba wani filafili.”

Tunda uwayenmu suka haife mu ban taɓa ce masa Malam ba.

Dariyar ta mutu a fuskarsa a hankali. Ya dube ni ta cikin gilashin nan, idanunsa manya-manya. Ya kai hannu ƙeya ya kwance zaren, ya cire tabaran, ya juya ya fuskanci ruwa. Ya daɗe yana kallo. Na san abin da yake yi, yana gwada ko zai iya hango rumfar baƙi, da inda ruwa yake murɗawa. Akwai rayukan mutane a jirgin, kuma shi ba mai wasa da ruwa ba ne. Ya mayar da tabaran, ya ɗaure, ya miƙa filafilinsa ga wani ƙanen matarsa.

Ya ce masa, “In ka zo wurin juyi, kada ka yi gardama da ruwa. Bari ya fara ɗaukarka tukuna.”

Sannan ya ratsa cikin jama'a ya hau tudu, da saƙinsa da warkinsa.

Jirgi ya fita, ya juya, ba kamar nasa ba amma ya juya. Aka yi kuwwa, aka yi tafi. Manyan baƙi suka ce ba su taɓa ganin shiga mai tsabta irin ta bana ba. Aka yi ta ba ni hannu.

Washegari na dama koko da yawa, na sa sukari. Hantsi ya yi, ya wuce. Na ce fushi ne, zai huce. Ran Juma'a muka haɗu a ƙofar masallaci, na buɗe baki zan tsokane shi, ya riga ni. Ya miƙo hannu biyu, ya ɗan rusuna.

“Barka da Juma'a, Alhaji. Ya iyali?”

Ya san ba ni da iyali a gida. Ba gatse yake yi ba, gaisuwa ce irin wadda ake yi wa mutumin da ake ganin girmansa. Na tsaya da hannunsa a nawa, na ce lafiya lau.

Haka muka ci gaba. Ba ya guduna, ba ya ɓata fuska. Idan an yi rasuwa mu zauna tabarma ɗaya. Amma ƙyaurena bai sake motsi da hantsi ba. Girman kai ya hana ni zuwa, ina cewa ai gaskiyata ce, tabarau ba kayan da ba ne. Har gobe ban ce kayan da ne ba. Sai dai akwai hanyoyi da yawa da zan bi. Da na yi masa maganar a gida tun yana ɗinkin riga. Da na ce ya ja malafa ta rufe. Da na ce wa jama'a matuƙi ba ya cikin doka, don ransu yana hannunsa. Ko kuwa da na yi dariya kawai na buɗe baki na nuna haƙorin. Duk waɗannan sun zo mini daga baya, ina zaune ni kaɗai.

Kafin damina ta kama, 'yarsa ta zo ta ɗauke shi zuwa Wara, inda take aure. A bakin mutane na ji.

Sai da wata shekarar ta zagayo, wasa ya matso, sannan na hau mota na bi shi. Tun daga tasha nake shirya abin da zan faɗa. Na same shi a zaure yana gyaran komar kamun kifi, yana lalubar ramukan da yatsa. Na tsaya a ƙofa na ɗaga murya, yadda muka saba.

“Kai bawa! Ubangidanka ya zo, ba ka tashi?”

Sai ya tashi. Ya dafa bango, gwiwoyinsa suna ƙara, ya miƙe tsaye, ya matsa ya bar mini buzun da yake kai.

“Maraba da Alhaji. Sannu da hanya. Bismilla, zauna.”

Ya sa aka kawo ruwa, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Ya lalubo tsokar da ta fi kyau ya turo gabana. Mutumin da ya shekara sittin yana sace mini nama a kwano.

Na ce, “Na yi maka ba daidai ba ranar nan. Ka yafe mini.”

“Haba, Alhaji. Aikinka ka yi. Ba komai, wallahi. Allah ya yafe mana baki ɗaya.”

“To ka dawo ka tuƙa bana. Da tabaranka. Duk mai magana ya zo ya same ni.”

Ya ɗan yi murmushi, ya taɓa gilashin. “Wannan yanzu sabo ne kawai ya sa nake ɗaura shi. Kai ma inuwarka nake gani. Waccan shekarar ce ta rage mini.”

Ya faɗe ta ba zafi, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Na so ya zage ni. Na so ya ce tsohon banza mai haƙorin gwal, ka cuce ni. Ya tambaye ni labarin 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu.

Da la'asar na ce zan koma. Ya ce sai ya raka ni, na ce ya zauna, ya ce ba a yi wa baƙo haka. Muka taka har tasha, yana riƙe da gefen rigata. Na shiga mota na zauna a bakin taga. Motoci biyu ne suka cika a lokaci ɗaya, ta gabanmu ta fara tashi. Na ga ya juya ya bi ƙararta, ya ɗaga hannu yana yi mata sai wata rana, da fara'arsa, alhali ina nan bayansa, taku kaɗan.

Magana ta zo mini har baki, irin wadda da zai rama kafin in rufe baki. Na haɗiye ta. Direba ya tayar da mota, muka wuce ta gefensa, hannunsa yana sama.